Minti Uku a Bayan Ƙofa

Asabar ce a Oulu, rana ta ƙi fitowa,
dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a bakin zauren coci.
Na kakkaɓe takalmi, Piki ya kakkaɓe jiki,
muka shiga mu biyu, igiya ɗaya tsakaninmu.

Wata goma sha ɗaya muna wannan karatu.
Zauna. Kwanta. Tsaya. Bari.
Kalma huɗu, na nanata har bakina ya yi tsami,
a kicin, a tasha, a gaɓar kogin da ya daskare,
aljihuna kullum yana warin busasshiyar hanta.
Shekara talatin na tuƙa bas a garin nan,
ban taɓa ɗaukar fasinja mai saurarona
kamar wannan baƙin kare ba.

Mai jarrabawar, Tapani, dogo ne mai tsadar magana,
takarda a hannu, biro a bayan kunne.
Ya buɗe bakin Piki, ya leƙa kunnuwa,
ya matsa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.
Piki ya yi hamma.
Aka turo keken guragu, tayarsa na kuka.
Wata mata ta zo da sanda tana ɗingishin ganganci,
ta shaƙe shi da runguma marar kan gado,
irin ta tsohon da ya tuna karensa na ƙuruciya.
Aka saki farantin ƙarfe, ƙararsa ta doki rufi.
Ni ce na zabura.
Shi kunne ɗaya kawai ya ɗaga.

Sai ga tsiran-alade yashe a tsakar hanya.
Hancinsa ya hau rawa, yawu ya ɗiga.
Na ce, bari.
Ya dube ni kamar wanda aka hana gado,
ya wuce.

Saura ɗaya, in ji Tapani.
Kawo igiyar. Fita. Minti uku.

Na miƙa. Hannuna ya rasa inda zai sa kansa.
A bayan ƙofa rigunan sanyi ne a rataye,
suna ɗigar da ruwa a kan siminti.
Tun da aka binne Veikko
ban saba tsayuwa ni kaɗai haka ba.
Wata bakwai ya yi a gidan tsofaffi bai ce uffan ba,
sunana ma ya sulale masa,
sai ranar da wata yarinya ta shigo da jan karenta.
Ya ɗora hannu a kansa, ya ce, yaron kirki.
Maganarsa ta ƙarshe ke nan,
kuma kare ne ya samu, ba ni ba.
Shekara guda ina haɗiye wannan ƙaya.
Daga nan na je na ɗauko ɗan kwikwiyo.

Na kasa kunne: ko haushi, ko karcen farce a ƙofa.
Shiru.
Ba zan ɓoye ba, wani lungu na zuciyata
ya so ya yi kuka ya faɗi,
don in san akwai mai nemana.

Da aka buɗe, yana kwance,
haɓarsa a kan takalmin baƙo.
Jela ta bugi ƙasa sau biyu.
Bai tashi ba sai da na kira.

Tapani ya sa hannu a takarda,
ya miƙo ƙyallen wuya, rawaya.
Laraba, ƙarfe biyu, hawa na uku, in ji shi.
Akwai wata Aune da ba ta yarda a taɓa ta.
Ya dubi idona, ya miƙo hankici,
wannan kam bai rubuta ba.

A waje Piki ya cusa hanci cikin ƙanƙara, ya yi atishawa.
Na ciro tsiran da na ɓoye tun safe,
na durƙusa, gwiwata na ƙara,
na faɗi kalma ta biyar:
ɗauka.