Kaso Goma Sha Tara

Nijelek ta ɗauke kuran tun la'asar.
Katako ta yi tsit, sai injin mai ƙanƙara
ke tari can bayan rumfar masu kwano.
Ni da ordinatar Habsu muka rage,
da kaso goma sha tara a batiri.

Da hantsi ta kawo ta daga Harobanda,
naɗe cikin zane kamar jinjiri.
Ta ce, "Tanimun, taɓa ka ji.
Cinyata ta gaji da ƙuna,
fankar ciki na ihu kamar ana yanka ta,
kafin in cika shafi uku ta mace.
Litinin malamai ke jiran kundina,
kuma ba su karɓar haƙuri."

Na buɗe. Babu datti, babu cuta.
Wani gwanin ajinsu ne ya ɗaure ƙwaƙwalwar
a gigahaz uku, dare da rana.
Harafi ɗaya za ta rubuta, sai ta zabura;
ba kowa a gabanta, tana tsaye tana haki.
Bai san in ka ninka gudu, ci ya wuce ninki ba,
rarar kuma zafi ce, ba aiki ba.
Shi ya ce ƙwazo. Ni na ce zari.

Sai na danne ta can ƙasa, megahaz ɗari takwas.
Ta yi sanyi kamar gindin randa.
Na ɗora mata lissafin Habsu,
ruwan saman shekara talatin, tasha bayan tasha,
ta tsaya tana kallona.
Na je na sha shayi wajen Seyni, na fari da na biyu,
na dawo, ko rabi ba ta kai ba,
allo a kunne yana lashe abin da nake tattali.
Kaso shida suka tafi a jira.
Ashe nawa ma ɓarna ce,
ba sai sauri.

Nan na tuna babana a Adar,
bakin rijiya mai gaba arba'in,
da jan sanmu mai karyayyen ƙaho.
Bai taɓa yi masa tsawa wasaki na wofi ba.
Idonsa na kan igiya.
Ta yi nauyi, ya buɗe murya,
sa ya sa ƙirji, ya fizga, bai tsaya ba
sai ruwa ya zuba a komi.
Igiya ta saki,
ya dawo sannu, yana tuƙa, yana korar ƙuda.
Haka har garke ya ƙoshi,
sa bai faɗi ba, rana ba ta yi musu nisa a gari.

Akwai mai wannan aiki a cikin na'ura.
Masu littafi sun ce masa gwamna,
ni mai kallon igiya nake ce masa.
Sau da yawa cikin ƙiftawa ɗaya yake leƙa kaya:
ya yi yawa, a hau; ya ragu, a sauka.
Na miƙa masa linzami.
Da farko ya cika tsorata,
inuwar yatsa ma sai ya tashi gudu.
Na lallashe shi, sai ya koma jan ƙafa.
Sau huɗu ina ragi ina ƙari.

Sai ga shi: fanka ta tashi, ta yi kukan minti biyu,
lambobi suka zubo,
ta yi shiru.
Na sa tafin hannu a kai. Ɗumin ƙwai.
Kaso tara ya rage, kuran bai dawo ba.

Seyni ya leƙo da fitilar salula:
"Me ka canza?"
Ban canza ko kusa ɗaya ba.
Gobe Habsu za ta ce, "Jikka biyu, a kan me?"
Zan fara mata da rijiya.
Na san ba za ta bari in kai ga sa ba,
za ta taya ɗari biyar,
ta ce sauran sai ta ci jarrabawa,
ni kuma in bari.