Magana ta Tara

Ran Talata, ƙarfe goma ta yi,
Na tsoma alƙalami, zama ya fara.

Ni akawu ne, ba ni da baki a nan,
Nawa rubutu, nasu shawara.

Ta farko kwalbatin da ruwa ya ci
Daminar bara, can bakin Jakara.

Ta biyu dusar jakunan En'e,
Su goma sha huɗu, masu kwasar shara.

Ta uku tayar lori, ta huɗu kwanon
Mayanka, yana yoyo, yana son gyara.

Duk aka ce an yarda, na rubuta,
Fanka na juyi, har muka zo ta tara.

Ta tara Barau ne, mai famfon Koki,
Tun hantsi yake waje yana jira.

Ya ce da kansa ya ɗauki bututu
Ran da ake jan ruwa daga Panshekara.

Talatin cif ya yi, in ji bakinsa,
Yana neman fensho, ƙarfi ba saura.

Aka ce masinja ya ɗauko fayil,
Ya kwance igiya, sai tashin ƙura.

Bangon yana nan, lambar tana nan,
Ciki kuwa an riga mu: gara.

Shafi bakwai ta cinye daga farko,
Kowane shafi aikin shekara.

Malam Sidi akanta ya cire tabarau,
Ya ce, "Baitulmali ba ya jin hira.

Ashirin da uku na gani a takarda,
Wa ya isa ko anini ya ƙara?"

Na yi lissafi a gefen littafina:
Sule sha ɗaya duk wata, hasara.

Aka shigo da shi, ya tuɓe takalmi,
Hular a hannu, tsohuwa, fara.

Aka ce ya faɗi ranar haihuwarsa,
Ya ce, "An yaye ni zuwan Nasara."

Aka ce, ina shaida? Ya ɗaga hannu,
Yatsa huɗu, na biyar ƙarfe ya sara.

"A Goron Dutse na bar shi, ranku ya daɗe,
Muna gyaran tanki, shekarar fara."

Alhaji Na'iya ya yi gyaran murya,
"Na san shi, ai ni da shi tsara.

Ruwan sunan ɗana na fari
A famfonsa matana suka tara."

"Sani daban, rasit daban," in ji Sidi,
"Mai bincike ba ya ɗaukar ishara."

Aka yi shiru. Wani ya duba agogo.
Daga masallaci ladan ya yi kira.

A kafa kwamiti, shi ke nan,
Mutum uku, su nemo dabara.

Ta goma ba ta ɗau minti guda ba:
Sule biyu, a sayo maganin gara.

Gaban sunansa kalma biyu na sa,
"An ɗage," na bi tawadar na hura.

Na same shi a gindin dalbejiya,
Ya ce, "Malam, ko akwai bushara?"

Na ce, "Sai Talata." Ya gyaɗa kai,
Idonsa na kan famfon da ke kwarara.

Famfon ofis ne, wata uku yana zuba,
Takardarsa na ciki, ba wanda ya lura.

Ya zaro sifana daga aljihu,
Ya durƙusa da ƙyar, hannu ya zura.

Juyi biyu, ruwan ya tsaya cak.
Ya mai da ita, ya kama sandar gora.

Na koma ciki, na lalubo fayil ɗina,
Na kakkaɓe, bisa akwatin ƙarfe na ɗora.

Na zuba kananzir a gindin kanta,
Ko nawa shekarun sa tsira.