Mai Goge Katako

Ni ne mai goge katako a Bahiya Blanka,
shekara talatin da ɗaya ina bin zufa da tsumma.
Iskar teku na jijjiga rufin kwano,
jiragen alkama na kuka a tasha,
ni kuwa ina ninke riguna, ina ƙirga tawul,
ina sauraron abin da takalma ke faɗa wa daɓe.

Kakar da Lisandro ya zo mana,
ɗan sha tara, sai ya sunkuya yake shiga ƙofa,
amma kansa ya fi jikinsa tsawo.
Ya wurgo min jaka bai dube ni ba.
Ƙoƙon shayin mate ya zagayo hannu zuwa hannu,
ya ce shi ba ya shan bakin kowa.
Lamba takwas ya nema,
rigar Amilkar, kyaftin, mai gwiwar da likita ya tsaga sau biyu.
Amilkar ya tuɓe, ya miƙa.
"Tana da nauyi fa," ya ce.
Yaro ya ɗaga ta da yatsa ɗaya.

Maki talatin da huɗu ya zuba daren farko.
Mun sha kashi da tara.
Tobiyas ya wuni a kusurwa, tafuka a buɗe,
kamar mai jiran motar da ba ta bin unguwarsu.
Jarida ta buga hoton yaro yana lilo a bakin kwando,
ya yanke, ya manna a ƙofar akwatinsa.
Ba a buga allon maki ba.

Koci Eskibel ba mai hayaniya ba ne.
Awa goma sha huɗu muka yi a mota zuwa arewa,
shanu da fili, fili da shanu,
da muka isa ya nuna masa benci, kusa da ni.
Minti arba'in yaro na ƙarƙashin tawul.
Muka ci wasan.
Wannan ne ya sare shi, ba bencin ba:
a ce ba ka nan, kuma ba a yi rashi ba.

Wani dare na manta makullaina, na koma.
Fitila ɗaya, ƙarar ƙwallo, tim, tim.
Ba kwando yake jifa ba.
Bango yake jifa, inda aka zana da'ira da alli
daidai ƙirjin Tobiyas.
Amilkar na zaune, ƙanƙara a gwiwa,
yana cewa, "Da hagu. Sake. Ɗari biyu da shida."
Na fita da sanɗa, na kwana a wurin ƙanwata.

Kada in yi ƙarya, bai zama waliyyi ba.
Ya zagi alƙali a watan biyu, aka kore shi,
ya shuri bokitina, ruwa ya malale.
Hali zanen dutse, in ji mutane,
amma na ga ruwa na cin dutse a bakin tekun nan.

Wasan ƙarshe, daƙiƙa huɗu, ana bin mu ɗaya.
Mutum biyu suka rufe shi, zaure na kiran sunansa.
Ya yi sama, duk muka yi sama da shi,
sai ƙwallo ta fita ta hagu, zuwa kusurwa.
Tobiyas ya harba.
Ta zagaya bakin ƙarfe, ta yi shawara,
ta faɗo waje.

Shiru irin na bayan usur.
Tobiyas ya durƙushe inda nake gogewa kullum.
Lamba takwas ce ta tsallaka fili,
ta kama shi ta hamata, ta miƙar.

A ɗakin sa kaya babu mai magana.
Yaro ya zuba ruwan zafi a ƙoƙo,
ya kurɓa, ya yatsina fuska don ɗaci,
ya sake cikawa, ya dube ni.
"Don Ewaristo," ya ce.
Ashe ya san sunana.