Amsar Saƙon Dikko

Dikko, saƙonka ya iso bayan lisha,
ina kan tabarma ƙofar gida, Gwadabawa ta yi tsit.
Sai ga ka cikin wata ƙasa fara fat,
kamar an zazzage garin rogo bisa duniya,
kai da abokanka kan wani babur marar taya
mai jan ciki kamar damo,
hancinka kaɗai a waje, yana hayaƙi.

Inna ta amshi wayar, ta kanga mata hannu,
ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, "Duk wanga gishiri, ba mai kwasa?"
Munka yi dariya har Modi ya ƙware.

Ni kuwa ban yi barci ba.
Ka tuna shekarar da gero ya yi araha?
Babura uku munka fitar tun assalatu.
Kawu Ladan a gaba, butar shayi ɗaure da kyauro,
Modi ya goya Kulu, ita ta rungume kwanon hoce
kamar jinjiri,
ni da kai a baya, muna gardamar wa zai tuƙa.

Munka bar kwalta, munka kama hanyar amalanke,
daga nan hanyar raƙuma,
daga nan babu hanya,
sai sabara da geza da tumfafiya,
sai gawo guda tsaye kamar mai jiran baƙo.

Rairayi ya haɗiye tayarmu har gindi.
Ka sauka kana turi, kana zagin wanda ya ƙera ta,
ta fizge, ta watsa maka yashi a baki,
ka tofar, ka ce ba gishiri.
Sarƙar Modi ta tsinke da azahar.
Kawu ya ɗaure ta da wayar shanya
da ya sato daga tsakar gidan Inna,
ya ce kada kowa ya faɗa.
Har yau ban faɗa ba.

Wani Buzu ya ba mu nonon raƙumi cikin akushi,
bai tambayi sunanmu ba.
Ya nuna da haɓa, ya ce ruwa na can.

La'asar sakaliya munka hango Kalmalo.
Kirinjijiya sun tashi gaba ɗaya,
Kulu ta saki kwano, hoce ya gangara,
munka bi shi muna tsinta, muna hurewa, muna ci.
Da dare Kawu ya hura wuta da kashin shanu,
shayi ya zagaya sau uku,
Kaza da 'ya'yanta sunka sauko kusa
har kana cewa za ka kama tsako ɗaya.
Mai ya ƙare a komowa.
Munka turo babura har rana ta take,
ba wanda ya yi fushi sai ƙafafu.

Dikko, bara ba mu je ba.
Bana ma.
In ƙarar babur ta taso daga arewa yanzu,
yara ba su sheƙowa tarye,
ƙyaure ake ja, a rage murya.
Kawu ya sayar da nashi, ya sayi tunkiya.
Ya ce ita ba a tare ta a tambaye ta ina za ta.

Nawa na nan zaure, lulluɓe da buhu.
Kowace Juma'a ina tashe shi
ya yi tari, ya yi gurnani, in kashe.

Ka yi ta gudu can, ɗan'uwa, ka yi da rabona.
Sai dai in tambaye ka abu guda:
ƙanƙarar nan taku, tana riƙe sawu?
Namu iska ta share shi tun kafin mu iso gida.

Inna ta ce ka rufe hancinka.