Haƙora Uku a Gidan Mushe Kiyari

Aikina keken ɗinki ne, kowa a Zango ya sani.
Amma tun da Baba Kalla ya kwanta dama
ni ake kira in piyano ya yi gardama,
don shekara shida ina riƙe masa fitila.
Huɗu na sani a Damagaram,
ɗaya ma kaji ke kwana a cikinsa.

Ran Laraba, bayan ruwan dare,
Mushe Kiyari ya aiko jikarsa Yagana:
haƙora uku sun durƙusa sun ƙi tashi.

Na same shi tsaye jikin bango, baƙi, dogo,
kamar baƙon da aka manta a ce masa zauna.
Azara ce ta fara yoyo a kansa,
ƙarti biyar suka ja shi zuwa wancan lungu.
Tun ranar bakinsa ya sauya.

Mushe ya miƙo mini man keke.
Na ce mayar, Mushe,
itace ba ya shan mai ya yi godiya.

Na ɗauke murfi, na zare allon gaba,
ga 'yan gudumomi a jere kamar sahun Juma'a.
Baba Kalla kan ce: kafin ka zargi haƙori
fara tambayar muƙamuƙi.
Na ɗaga guduma da yatsa, na saki,
ta koma mazauninta ba musu.
Laifin yana ƙasa ke nan.

Na zaro haƙorin na juya cikinsa.
Jan ƙyallen da ke rungume da ƙusa
ya sha laima ya kumbura.
Garin da muke bin 'yan garuwa da roƙo,
wai nan ne ruwa ya yi wa itace yawa!
Na matsa da awartaki sau ɗaya, a hankali,
kamar mai gaisawa da tsoho.
In ka zarce, gobe haƙori zai yi rawa.
Na goga bakin fensir, na mayar.
Ya tashi.

Na biyu a muƙamuƙi ne.
Zanzaro ya yi gini tsakanin gudumomi biyu,
ɗaki da ƙofa, bai nemi iznin kowa ba.
Na kankare da tsinke, Yagana ta tara hannu.

Na ukun ne ya sha mini kai.
Ba kumburi, ba tsatsa, ba ya gugar maƙwabci,
amma in ya sauka sai ya cije.
Na kwashe shida na jera a tabarma
bi da bi, kada su ɓata unguwa,
na haska.
Dala biyar ce tsaye a kan gefenta,
ta yi kore, rubutunta ya kusa shafewa.
Jan da ƙarti suka yi ne ya tashe ta daga barci.

Na ɗora ta a tafinsa ina dariya.
Shi bai yi ba.

Kuɗin kananzir ne, ya ce,
shekarar da Baba ya sayo wannan a gwanjo.
Ni na zura ta, in ji ko za ta yi kiɗa.
Ari aka doka.
Ina bayan randa, ina ji.

Na sunkuya na ci gaba da mayar da haƙora,
don akwai abin da ba na awartaki ba.
Na bi su daga mai gurnani har mai kukan tsuntsu,
duk wanda na danna sai ya miƙe.
Na ce a raba shi da bango taki ɗaya,
a bar iska ta riƙa wucewa
har kaka ta shigo.

Ya biya ni bai nemi ragi ba.
Yagana ta hau kujera, yatsa ɗaya,
tana ta dannan na ukun nan.

Ina ɗaure jaka a bayan keke
na ji shi daga zaure yana tambayar wani yaro
ƙarfe nawa motar Mirriya ke tashi,
ko hanyar ta bushe.