Ƙirga Goma a Zuci

Kyamarar ta aro ce, da lamba bakwai a gindinta,
ƙafa ɗaya ta sandar ɗora ta kullum sai ta zame.
Malama Ybarra ta miƙo min, ta ce,
"Minti huɗu, a kan waɗanda suka bar sakandare."
Na ce ai na san su, unguwarmu ɗaya.
Ta ce, "Sani daban, ɗauka daban."

Garden City, ƙarshen Oktoba,
warin mayanka na bin mutum har cikin mota.
Na fara da mataimakin shugaban makaranta.
Sau uku ya gyara wuyan riga,
ya zazzago min alƙaluma kamar mai awon masara.
Da dare na kunna: baki na motsi, murya babu.
Ban latsa makirufo ba.
An ce gani ya kori ji.
Wanda ya faɗa bai taɓa wannan sana'a ba.

Eleazar Tzoc ya yarda, bisa sharaɗi biyu:
kada fuskar mahaifiyarsa ta fito,
kada lambar ƙofa ta fito.
Muka zauna a kicin,
firji na gurnani a bayan kowace kalma.
Na ajiye shi gaban taga, ya koma inuwa.
Na juya kujera, rana ta sauka a kunci ɗaya,
sai ga ƙunar ruwan wanke injina
a wuyan hannunsa, fari fat.

Na ce, me ya sa ka bari?
Ya ce, "Ban bari ba."
Ya yi shiru.

Harshena ya yunƙura zai cike ramin,
sai na tuna da Malama:
in an ba ki amsa, ƙirga goma a zuci.
Ɗaya. Biyu.
Tafin uwarsa na buga ƙullun masara can gefe.
Biyar.
Jar fitilar kyamara ko ƙiftawa.

A bakwai ya ce,
"Biyar na asuba nake tashi daga aiki.
A ajin lissafi nake barci.
Rannan na farka, ba kowa, an kashe wuta.
Mutum talatin suka wuce ta gefena.
Washegari ban je ba. Na jira a neme ni.
Wasiƙa ta zo, da Turanci,
kuma ni ne mai karanta wa Mama wasiƙu."

Hannuna ya yi rawa, hoton ya karkace.
Har yau a karkace yake.

Sauran kwanaki na tara abin cike giɓi:
motar makaranta ruwan ɗorawa tana huci a sanyi,
teburin baya da aka sassaƙa wa harafi da makulli,
takalman roba biyu suna ɗiga a bakin ƙofa.
Na koyi durƙusawa.
Na koyi cewa wanda ka ɗauka daga sama ƙanƙancewa yake.

Minti arba'in da shida, a mayar huɗu.
Wuƙar allo ba ta zub da jini,
amma na yanke dariyarsa,
na yanke ƙanwarsa mai haddace jihohi da manyan biranensu,
na yanke kuɗin haya.
Ƙarƙashin sunansa akwai layi ɗaya na bayani.
Na rubuta "wanda ya daina karatu", na goge.
Na rubuta "shekara goma sha bakwai".

Malama ta ce shirun ya yi tsawo, masu kallo za su gudu.
Na ce su gudu.
Ta kalle ni ta saman tabarau, ba ta ƙara ba.

Na nuna masa a waya, a filin ajiye motoci,
saura kwata ya shiga aikin dare.
Ya ce kunnensa ya fito kamar na jaki.
Ya miƙo wayar, ya ja hular sanyi,
ya yi taku uku, ya juyo:
"Mista Lofgren na nan? Mai lissafin?"

Kyamara na cikin jaka, batir a aljihuna.
Na fara ƙirga goma.