Wutsiyar Kalma

Mu shida muka ɗauki Baba a kafaɗa,
daga bakin titi zuwa cocin kan tudu.
Yayyafin Yorkshire na shiga mana wuya,
tumaki sun leƙo ta bayan katangar dutse.
Wilf na gaba, mai dogon taku,
yana janmu kamar kasuwa za ta watse.
Gwaggo Enid ta doka sandarta a ƙasa.
"Slowly," ta ce. Muka rage.

A ƙofar maƙabarta akwai rumfar katako,
gansakuka ta cinye rabin rufinta.
Nan ake sauke mamaci a jira limamin coci.
Muka sauke shi, muka murza kafaɗu.

Gwaggo ta yi shekara arba'in da alli a hannu,
ko gaban gawa ba ta fasa darasi.
Ta ce, "Rumfar nan, ka san sunanta? Lich.
A bakin kakanni, tun ba a aza tubalin cocin nan ba,
jiki ke nan: na mai numfashi, na wanda ya daina.
Cikin jiragen ruwa aka ƙetaro da kalmar,
danginta suka zauna can hayin teku.
Har gobe da ita Bajamushe ke kiran gawa.

Tamu kuwa ta sha hannu kamar tsohon kwabo,
ta goge, ta rasa kai, ta rasa ƙafa,
ta koma wutsiya, 'yar ly ɗin nan
da muke maƙala wa magana ba ma ko waiwaye.
Ɗazu da na tsawata muku, cewa na yi:
ku tafi da jiki marar gaggawa."

Na dubi akwatin.
Baba bai taɓa buɗe ƙamus ba.
Amma haka ya gina katangun gonarmu,
dutse bisa dutse, ba siminti, ba agogo.
Haka yake juya ɗan rago a cikin uwarsa
da tsakar dare, hannu har gwiwa, yana mata magana.
Shayinsa kullum sai ya huce.

Limamin ya iso, lemarsa a karye.
Muka sunkuya muka ɗauka.
Wannan karon Wilf ya taka kamar mai tsoron tada barci.

Wata bakwai ke nan.
Jiya na gaya wa 'yata kalmar, tana sauka daga bene a guje,
sai ƙarshenta ya tsaya mini a harshe,
ɗan jiki kwance, yana jira a ɗauka,
kafaɗata ta hagu ta amsa.